Minti Arba'in

Shekara talatin da ɗaya ina jan mota
tsakanin Akra da Kumasi.
Na san ramukan Suhum kamar giɓin bakina,
na san inda kwalta ke da amana
da inda take ƙarya.

Kilomita ɗari biyu da hamsin, in ji allo.
Ni awa shida na sani,
bakwai in tirela ta kwanta a hawan Nkawkaw,
tara in ruwa ya sauko da fushi.
Ban taɓa auna nisa da lamba ba,
da ciwon ƙugu nake auna hanya.

Gidana na Nima, jirgi kan bi ta saman rufi
ya katse min labaran rediyo.
Na Masawudu na Aboabo, shi ma haka.
Mu biyu mun tsufa a ƙarƙashin cikinsa,
ba wanda ya taɓa leƙa ciki.
Yakan ce, "Direba, wancan na masu kuɗi ne,
mu da ƙasa aka ɗaura mana cibiya."

Masawudu yaron motata ne tun ba shi da gemu.
Shi ke sa waigi, shi ke ɗaure buhun doya,
shi ke tsinka min goro in barci ya taso a Konongo.

Yau da hantsi waya ta yi ƙara.
Aka ce bayan azahar za a kai shi.
Na dubi agogo, na dubi rana,
na san ko da sabuwar mota ba zan cim masa ba.
Rahinatu ta ce, "Baba, sa rigarka."
Ta daddanna wayarta, ta ce an samu kujera.
Ban tambayi kuɗin ba, don kar in ji kunya.

An sa ni cire agogo da hula,
an ɗaure ni da ɗamara kamar kaya.
Ban ga direban ba, ban gaishe shi ba,
ba wanda ya zaga ya buga taya.

Da muka ɗaga sai na manna goshi a taga
ina neman titina.
Ga shi can, siririn zare a cikin kore,
an yar da shi tsakanin duwatsu.
A nan ne na ƙarar da ƙuruciya?
Ba ƙamshin burodin Nsawam,
ba 'yan mata masu ɗaga ayaba,
ba ɗan sanda mai miƙo gaisuwa da tafin hannu.
Gajimare kawai, fari kamar likkafani,
sai na kau da idaniya.

Wata yarinya ta ba ni ruwa a ɗan kofi.
Na ɓare goro, na sa rabi a baki,
na riƙe rabin, don hannu ya saba miƙawa dama.
Kafin ɗacinsa ya juye zaƙi
aka ce mu shirya, ga Kumasi.
Wai kilomita ɗari biyu ne ta sama.
Hamsin ɗin da suka rage fa?
Ko su ne hirarmu, da facin taya,
da sallar da muka yi a bakin hanya?

Minti arba'in.
Ko labarin auren Masawudu na fari
ba ya ƙarewa a minti arba'in.

Na samu sahu na biyu, na samu kafaɗar makara.
Jirgi ya yi min rana, ba zan ci amanarsa ba.
Amma ni na iso, zuciyata ba ta iso ba,
tana can wajen Bunso tana tafe a hankali.

Gobe zan koma a mota, kujerar gaba.
Rabin goron na cikin aljihu.
Zan tsaya ko'ina muka saba tsayawa
in gaya musu dogon nan mai dariya
ya riga mu sauka,
ya gama tasa tafiya.